Baba Isma'ila da Ɗorawar da Ta Cinye Mini Ɗaki

Kafin masu shayin Kawo su gama hura wuta, Baba Isma'ila ya riga ya wuce a kan kekensa. Tsohon keke ne baƙi, ba shi da ƙararrawa, ba ya kuma buƙatarta, domin garwar ban ruwan da ke ɗaure a bayansa tana sanar da zuwansa tun daga nesa. Yakan bi gefen hanyar Zariya a hankali, manyan motoci na wuce shi suna kaɗa masa riga, shi kuwa idonsa na ƙasa. Ledar ruwa yake nema, irin wadda muke sha mu yar ta tagar mota. In ya hango, sai ya sauka ya tsince ya cusa a buhu, ya sake hawa.

Idan ya isa lambun renon itatuwan da yake aiki, sai ya yanke bakin ledojin, ya cika su da ƙasa da taki, ya jera. Daga nan ya ɗauki garwa. Yana ban ruwa yana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, wanda bai san shi ba sai ya zaci lazimi yake. Wani lokacin lazimin ne, wani lokacin kuwa da shukokin yake. Shekara talatin da biyar yana wannan, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba babban ma'aikaci ba ne. Lebura ya shiga, lebura zai fita, sunansa ba ya jikin ƙofar kowane ofis.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi shi ne ya reni abin da aka ce ya rena: turare, dogon yaro, malaina, da furannin kwalliyar da masu sababbin gidaje ke so. Yana yi kuma ba ha'inci. Amma a can bayan tankin ruwa, inda baƙi ba sa leƙawa, yana da wasu layuka nasa na kansa. Ɗorawa, kanya, ɗinya, tsamiya, maɗaci, marke, kaɗanya. Ba wanda ya sa shi. Abokan aikinsa suna kiran wurin unguwar 'yan ƙauye, shi ma ya karɓi sunan, har yakan ce bari ya je ya duba 'yan ƙauyensa.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ranar da na fara ganin mutumin nan, da ina da iko da na sa an kore shi da sanda.

Sunana Nafisat, ma'aikaciyar ofis ce ni, 'yar Abakpa. A gidan haya aka haife ni, a gidan haya na yi aure, a gidan haya na haifi 'ya'yana. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ni da maigidana Jamaluddeen muka samu fuloti a bayan Rigachikun, a wata tsohuwar gona da aka yayyanka. Ɗaki huɗu muka sa aka zana mana. Na huɗun, na ɓangaren gabas, na mahaifiyata ne, Inna Mero, wadda tun rasuwar Babanmu take cushe da jikoki a ɗaki ɗaya. Na daɗe ina gina ɗakin nan a raina, har labulen da zan sa masa na zaɓa. Sai dai daidai inda zai zauna, wata ƙatuwar ɗorawa ce tsaye. Ban ɗauke ta a bakin komai ba, muka kira Husaini mai injin yankan itace.

Wata Asabar da hantsi, ƙarshen Fabrairu, Husaini ya tada injinsa yana zagaya gindinta yana duba inda za ta faɗi. Sai muka ji ƙarar garwa. Wani dattijo siriri ya jingine kekensa a turken simintin iyaka, ya yi sallama.

"Sannunku da aiki. Hajiya, ke ce mai filin?"

Na ce ni ce.

"Allah ya sa albarka, ya sa a shiga lafiya. To amma in tambaya, da kuka sayi filin, kun haɗa da ɗorawar?"

Jamaluddeen ya yi dariya. "Baba, ai ba a sama take rataye ba. A cikin filin take."

"A ciki take, Alhaji, gaskiyarka. Amma a ƙasar nan gona daban, ɗorawa daban. Da mai gonar nan ya rasu, maza suka ɗauki ƙasa, 'yarsa Kulu aka ba ta ɗorawa uku a rabonta. Biyu katafila ta kwashe. Wannan ce ta rage mata. 'Ya'yan 'yan'uwanta da suka sayar da gonar ba wanda ya tambaye ta."

Ni fa ba na raina takarda, a cikinta na tsufa. Nan da nan na zuge jaka na zaro tawa, na nuna masa hatimi da sa hannu. Ko kallonta bai yi ba.

"Takarda taki ce, 'yata. Ko gaban wa aka je, ke ce da gaskiya. Ni ba shari'a ta kawo ni ba, roƙo na zo yi. Ki ba ɗorawar wata biyu 'ya'yanta su nuna. Kulu ta ɗebi rabonta na ƙarshe, ni kuma in samu iri. Daga Kawo zuwa nan ban san wadda ta kai ta kyan kalwa ba. Duk 'yan ɗorawar da nake reno, ita ce uwarsu."

Kafin in buɗe baki, na ji shiru. Husaini ya kashe inji.

"Hajiya, wallahi tun da na ji garwar nan na san yau ba aiki," in ji shi, yana naɗe igiyarsa.

Jamaluddeen ya ce ai dama bulo ba a gama bugawa ba, wata biyu ba za su kashe mu ba. Na yarda, amma fuskata kamar an aiko mini da saƙon mutuwa.

A cikin watannin nan biyu nakan biya ta filin in an tashi daga ofis, in duba ko ana ba bulo ruwa. A nan ne abin ya fara shiga raina ba tare da na sani ba. Wata la'asar na ɗaga kai, sai na ga itacen ya sauya. Wasu jajayen ƙwallaye sun rataye a jikin dogayen zare, ɗaruruwa, suna lilo a hankali ko da ba iska. Na girma a Kaduna, na sha miyar daddawa tun ban san kaina ba, amma ban taɓa ganin furen ɗorawa ba. Baba Isma'ila, wanda na tarar zaune a kan saiwa, ya ce tutu ake kiransa. Wani ƙamshi mai nauyi yana saukowa, ƙudan zuma na ta gunaguni a sama, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki suna shawagi daga wannan zuwa wancan.

Ya ce in ɗan dakata har rana ta faɗi. Na dakata, ban san dalili ba. Ana fara kiran magariba sai ga jemagu daga wajen gari, ɗaya, biyu, can sai sama ta cika. Suna kama tutun suna reto da shi, suna saki su kama wani.

"Su ne masu aikin," in ji shi. "Su ke kai na wannan fure ga wancan. In ba su, ba 'ya'ya. In ba 'ya'ya, ba kalwa, ba daddawa. Miyar da kika sha jiya, 'yata, da hannun jemage a ciki."

Na ce Allah ya kiyaye. Ya yi dariya har da tari.

Daga ranar, in na same shi, nakan tsaya. Yakan nuna da haɓarsa ya ce inda katangar maƙwabcinmu take, da gamba ce ta fi mutum tsayi, fakara na tashi daga cikinta har gabanka ya faɗi. Inda ake sayar da siminti, nan zomaye ke fitowa cin ganyen gyaɗa. Can gangare ƙorama ce, ɗinya da ɓaure da gora sun rufe ta, ruwanta sanyi ƙalau ko a tsakiyar bazara, guza na shan hantsi a kan dutse. Ya ce da manoma suka zo sun sare daji, gaskiya ne, amma manomi ya san abin da ake bari. Yakan bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsakiyar dawarsa, tsuntsu ya samu masauki, ƙasa ta samu ganye. Ita katafila ba ta san sunan kowa ba. Yana magana a hankali, ni kuwa sai in ga katangun suna dusashewa, kwanon rufi na narkewa cikin hasken yamma, ciyawa na tasowa ta rufe hanya. Har sanyin ƙoramar nakan ji a ƙafata, ina tsaye da takalmin ofis a kan tarin yashi.

Wata rana na tsokane shi. Na ce wannan kishin itace haka, ko da shi aka haife shi? Sai ya nuna mini wasu dogayen itatuwan turare can gangare, farare, a jere ƙyam.

"Ni na dasa su. Farkon shigata aiki aka ce a ƙawata bakin ƙoramar. Muka sare ɗinyar, muka sare ɓauren, muka tuge gorar, don layi ya miƙe. Dubu biyu na dasa, ko ɗaya bai mutu ba. Har yabo na sha, ina ta washe baki. Kafin shekara goma ruwan ya fara ɗaukewa tun kaka. Ƙarƙashinsu ko ciyawa ba ta so. Ki je ki duba, ba sheƙa ko ɗaya. Kwaɗin da ke hana mutane hira, shiru."

Na ce wataƙila yawan gidaje ne da rijiyoyin burtsatse.

"Wasu haka suke cewa. Allah ne masani. Ni dai na san abin da hannuna ya cire da abin da ya sa. Na dasa daji, 'yata, amma dajin da ba mai kwana a cikinsa."

Na ji tausayinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi daban, ɗakin Inna daban. A lissafina, da zarar an sauke 'ya'yan, Husaini zai dawo.

Kuskuren da na yi shi ne ba Inna labarin. Ni a matsayin ƙorafi na ba ta, ina cewa wani tsoho ya tsayar mana da gini saboda wata tsohuwa da daddawarta. Inna ta ajiye carbinta ta ce, "Mai ɗorawar tana da rai?" Na ce tana nan. Ta ce ranar da za a sauke, a kai ta.

Cikin Afrilu aka sauke. Kulu ta zo da doguwar gora mai ƙugiya, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai faɗa, tana nuna wa Baba Isma'ila reshen da zai ja kamar ita ta ɗauke shi aiki. Inna, wadda ta baro ƙauyensu na wajen Zariya tun tana amarya, ta zauna a ƙasa ta ɓare ɗaya daga cikin 'ya'yan ta sa garin a baki, leɓenta ya yi rawaya. Sai na ga idonta ya kawo ruwa. Kafin azahar sun zama kamar tare suka yi tallar ƙuruciya, suna gardamar kwana nawa ake rufe kalwa kafin ta zama daddawa. Da za mu tafi, Kulu ta dafa gindin itacen ta ce, "To, Allah ya haɗa mu da alheri." Da itacen take, ba da mu ba.

A mota, da muka wuce Kawo, Inna ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Nafi, ni ba zan iya barci a kan rabon wata ba."

Na yi kuka a ranar, kukan haushi. Na ce shekara nawa ina tanadin ɗakin nan, saboda wa nake yi? Ta ce ta sani, Allah ya yi mini albarka, amma ita dai ba za ta iya ba. Na yi kwana huɗu ina kumbure-kumbure. A na biyar na koma wurin mai zanen gini na ce ya mai da shi ɗaki uku. Filin ba shi da faɗin da za a matsar da na huɗun wani wuri. Inna ta ci gaba da kwana da jikokinta mata, a sabon gida kamar yadda take a tsohon. Baba Isma'ila kuwa na yi wata uku in ya gaishe ni da ƙyar nake amsawa.

Shi ya nuna wa magina inda za su karkatar da katanga don kada su datse saiwa. Shi ya ce a bar ƙasar gindinta a buɗe kada a shafe da siminti, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Shi ya roƙi a fitar da 'yar ƙofa ta baya, don Kulu ta riƙa shigowa wurin itacenta ba sai ta bi ta falo ba. Duk na yi, ina yi ina mita.

Muka tare. Washegari da safe Inna ta ja tabarmarta zuwa gindin ɗorawar, kuma kusan a ce ba ta sake naɗe ta ba. Nan take walaha, nan take tsince shinkafa, nan Kulu ke samun ta su yi ta gardamarsu. Ta san kuregen da ke sauka ta reshen yamma, ta san lokacin da hasbiyoyi ke zuwa, tana ajiye musu ruwa a fasasshen kasko. In zafin Maris ya tsananta, gidajen maƙwabta da aka shafe da siminti tun daga ƙofa har bayan gida suka zama tanda, matansu gidanmu suke gudowa da tsintar wakensu. Shekara bakwai Inna ta yi a inuwar nan. Ɗakin da ban gina mata ba, shi ne wanda ta fi daɗewa a ciki.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Husaini ya gaya mini yanzu duk inda aka kira shi yankan babban itace, sai ya fara kiran Baba Isma'ila a waya, ko ba a fasa ba a tsinci iri. Ya ce, "Mutumin nan ya sha ja mini asarar aiki, Hajiya, amma in na kwana biyu ban ji garwarsa ba sai in ji ba daɗi." Kulu kuwa cewa ta yi duk garin nan shi kaɗai ya tuna mace ma tana da gado a cikin gona. Kada kuma a zaci kullum nasara yake yi. Da bakinsa ya ce in ya roƙi goma, tara sarewa suke, wasu har da zagi. Ƙoramar ma ba ta dawo ba. Yana dai bin bakinta duk damina yana cusa 'yan ɗinya da ɓaure a tsakanin turaren, awaki na cinye rabi.

Shekara uku ke nan da Allah ya karɓi Inna. Bayan wata biyar da rasuwarta, cikin rani, Jamaluddeen ya je ziyara maƙabarta. Ya dawo ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Ya ce a jikin katanga, kusa da inda take kwance, ya ga 'yar shuka an kewaye ta da ƙaya, ƙasar gindinta a jiƙe. Mai kula da maƙabartar ya ce masa wani dattijo mai keke ne ya nemi izini ya dasa, kuma duk bayan kwana biyu sai ya zo da garwa.

Da na ga Baba Isma'ila na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar kekensa, kamar wanda aka kama da laifi.

"'Yar wadda take zama a ƙarƙashinta ce," ya ce. "Na ga ta saba da inuwar."

Baba Isma'ila, kai ne ka hana ni ɗaki, ka ba uwata wurin zama. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya da ƙuruciya, kuskuren da aka yaba maka a kansa, ba wanda ya tuhume ka, amma ka kwashe shekara talatin kana gyara shi da ledar da muka yar. Uban 'yan ƙauye, mai garwa mai sallama. Na ɗaure maka fuska wata uku, ba ka taɓa fasa gaishe ni ba. Yau a gaban duk wanda ya karanta wannan, ina neman afuwarka, ina kuma gode maka. Allah ya ba ka lafiyar hutawa, ko da yake na san ba hutawar za ka yi ba. Allah ya sa duk tsuntsun da ya sauka a kan abin da ka dasa ya zame maka shaida.

Ku kuma 'yan'uwana masu fuloti, masu takarda da hatimi irina, ba na ce kada ku yi gini ba. Amma kafin ku kira mai inji, ku tambaya itacen na wane ne, ku kuma ba shi ko da wata biyu ku ga masu zuwa wurinsa. 'Yan ƙauyen Baba Isma'ila suna nan bayan tanki, kusan ɗari huɗu, kuma in ya tafi ƙarshen wata ba wanda zai ba su ruwa. Kyauta yake rabawa. Ku je ku ɗauki ɗaya, ku fasa siminti kaɗan a tsakar gida.

Na gode, Baba. Jamaluddeen ya koma maƙabarta ranar Juma'a. Ya ce 'yar ɗorawar ta wuce tsayinsa, kuma da la'asar inuwarta ta fara kaiwa kan Inna.